Hular Barista

Bayan shekara guda yana dakon fayil da sayo wa babban lauya fura, kan albashin da bai isa cefane ba, yau aka ce wa matashin Barista: "Gobe kai za ka tsaya gaban alƙali a Sakkwato."

Ya nufi shagon mai hoto, inda ya daɗe da ba da hayar hularsa ta lauyoyi, don ya karɓo ta. Ya tarar da ita a kan wani dillalin albasa, yana hura hanci gaban kyamara.

"Ka karɓe ta don mi, Barista?" in ji mai hoto. "Gobe angwayen Konni na tahe, da kuɗin sefa suka biya!"

Barista ya daɗe yana kallon hular da ke ciyar da shi. Da safe ya aika wa maigidansa cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.