Haƙoran Kan Sarkin Baba

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku matso.

Mai shagon tsofaffin kan sarki ya ajiye gilashin dubawa, ya kasa haɗa ido da tsohuwar da ke gabansa. 'Ya'yanta biyu na tsaye, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Tun rasuwar mahaifinsu ba sa ga-maciji, kowa na cewa shi aka bar wa kan sarkin nan na wasiƙa mai tsada.

"Inna, sai haƙuri, jabu ne. Na ainihi inji ke huda gefensa, ramukan a jere reras. Wannan wani ne ya zauna da allura. Dubi haƙoran, kamar tsohon zarto."

"Ɗana, ka tabbata? Ko shayi ba zai saya ba?"

"Ko ruwan zafin."

Tsohuwa ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! To, zakaru, wa zai ɗauka?"

Ƙanen ya tuntsire da dariya. "Yaya, ashe Baba ma an yi masa sakiyar da ba ruwa!"

Wa da ƙane suka koma cin abinci a kwano ɗaya, mai shago ya ci gaba da sana'arsa, tsohuwa kuwa ta samu barci.