Ranar da Motar Ta Hau Dutse

"Baba, ji tsohuwar nan, har tari take kamar kai," in ji ɗana Mu'utaz yana dariya.

Muna kasuwar motoci ta garin Zarƙa, tsakanin jif guda biyu. Tsohuwar ta sha duwatsu ta saba, sabuwar kuwa ko ledar kujerunta ba a cire ba. Rabin gonar zaitun ɗina na sayar don ya samu motar zuwa aiki a Amman, wadda kuma za ta iya hawo dutsen ƙauyenmu duk Juma'a, tunda mahaifiyarsa ta rasu ta bar ni ni kaɗai. Ni tsohuwar na so. Shi kuwa ya ɗauki sabuwar.

Juma'ar farko ya kira ni. "Baba, hanyar nan taku za ta ƙuje min fenti. Bari dai a zuba kwalta."

Shekara biyu ina dafa shayin mutum biyu, ina shanyewa ni kaɗai.

Jiya sai na ji ƙarar inji. Ga ta a ƙofar gida, taɓo har gilashi, ƙaya ta zane mata gefe. Na fito ko takalmi babu.

Ya sumbaci hannuna. "Ashe hanyar ba wuya, Baba!"

Sai ƙofar motar ta baya ta buɗe, wani baƙo ya sauko riƙe da igiyar awo.

"Sauran gonar ya zo gani," in ji Mu'utaz. "Motar ta tsufa, an fito da sabuwa."