Sikelin da Lyall Ya Ƙi Hawa

Tun ranar da Lyall Pascoe ya ajiye aikin tuƙa motar gyaran titi bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya shiga gareji, ya fito, ya dubi sama, ya koma. Sanyin hunturu, wanda a ƙasarsu a watan Yuni yake zuwa, ya shigo garinsu na manoman alkama, tsofaffin da suka yi ritaya kuwa duk sun ɗaura ɗakunansu masu taya a bayan mota sun nufi arewa neman ɗumi.

"Ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa Raelene.

"Shekara arba'in ina gyara hanya wasu suna bi, Rae. Bana ni zan bi ta."

Ɗakin ya riga ya saya, babba, da gado da murhu da banɗaki. Saura a-kori-kurar da za ta ja shi. Ya je birni ya ga wata shuɗiya mai kujerun fata. Takardarta ta ce tana jan tan uku da rabi, ɗakinsa kuwa bai kai tan uku ba. Bai ƙara tambayar komai ba, ya koro ta gida.

Ran Lahadi Merv, yayan Raelene, ya zo cin gasasshen rago. Shi ne mai kula da babban sikelin da ake auna motocin alkama a bakin gari. Ya zagaya motar, ya ɗan hauri taya.

"Kyakkyawa ce, mutumina. Amma lambar nan ta takarda, ta mota ce babu kowa a ciki. Ka sa mata ƙarfen kariya daga karo da dabbar kangaru a gaba, ka sa firij, ga kai da tumbinka, ga ɗakin zai danne mata ƙugu. Ka mayar ka ɗauko babba, ko ka rage ɗakin. In ka ƙi, kawo ta sikelina, minti goma ne."

"Ka ji likitan motoci! Je ka auna alkamarka."

Suka yi dariya. Raelene ba ta yi ba.

Safiyar tafiya aka maƙala ɗakin. Bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama. Lyall ya tsaya yana sosa ƙeya, yana leƙen titi kada Merv ya biyo ya gani. Sai dabara ta zo masa. Daga bayan motar ya kwashe jarkokin ruwa, da itacen wuta, da janareta, da akwatin kayan aiki, har da keken ɗinkin Raelene, ya mayar da su can ƙarshen ɗakin ta baya. Nan take motar ta miƙe.

"Kin gani? Daidai wa daida."

Ita ma ta ji daɗi. Ita ce ma ta miƙa masa igiyar da ya ɗaure itacen. Wannan igiyar har yau tana hana ta sukuni.

Da suka zo rumbun alkama inda sikelin yake, ga Merv tsaye da kofin shayi a hannu, yana yafito su.

"Lyall, minti goma," in ji Raelene.

"In hau, ya karanta lamba, ya yi ta ba da labarina a mashaya har Kirsimeti? Haba, tsohuwa."

Ya danna hon, ya ɗaga hannu, suka wuce.

Kwana biyu Raelene ba ta iya saƙar da ta ɗauko ba. Idonta na kan madubin gefe. Duk iskar da ta taso, sai ta ga ɗakin yana kaɗa gindi kamar kare. Ta gyara zama, ta buɗe taga, ta rufe. Lyall ma ya daina fito, ya damƙe sitiyari da hannu biyu.

A rana ta uku da tsakar rana, sun wuce garin Cunnamulla, hanya a miƙe, sai ga tirelar shanu mai jela uku ta taho daga gaba. Tana giftawa iskarta ta bugi ɗakin. Ya yi hagu, ya yi dama, ya ƙara yin hagu da ƙarfi, ya fizgi bayan motar kamar ba komai ba ce.

"Riƙe, Rae!"

Abin da ya faɗa ke nan na ƙarshe. Sau biyu motar ta wuntsula da su.

Ta farfaɗo a rataye da bel ɗin kujera, itace warwatse a kan kwalta. Lyall ya cika kafin jirgin saman likita ya sauka.

Daga baya 'yan sanda suka auna abin da ya rage. Sun ce kayan sun fi ƙarfin motar da kusan rabin tan, kuma nauyin da aka tara a baya shi ya sa ɗakin lilo. Merv bai taɓa cewa ai na faɗa ba. Shi ya je ya ɗauko keken ɗinkin, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya ajiye mata a falo ya fita yana share ido.

Yanzu Raelene ce ba ta iya zama. Ta shiga gareji, ta fito, ta dubi sama. In Yuni ya zo takan tsaya kusa da Merv a bakin sikeli tana yafito masu jan ɗaki. Wasu suna tsayawa. Wasu su danna hon, su ɗaga hannu, su wuce.

Jama'a, kada ku zaɓi mota don kyanta ko don lamba ɗaya a takarda. Ku loda kayanku duka, ku shiga da iyalinku, ku hau sikeli kafin ku kama hanya. Dariyar suruki tana wucewa, amma wanda hanya ta ɗauke ba ya dawowa.