Munduwa a Gefen Buta

A zamanin da kowa ke ɗaure da munduwar shaida, hukuma ta tambayi jama'a ko a sauko da shekarun shan giya zuwa goma sha shida. Ƙuri'a ɗaya ce ga kowane gida, kuma da munduwar maigida ake jefa ta.

Malam Tukur ya taka har zauren zaɓe, domin a ji "a'a" daga bakinsa. Ya tarar da kujeru wayam, sai ma'aikaciya guda.

"Baba, ai gidanka ya jefa tun da asuba. Amincewa aka yi. Kana cire munduwar ne?"

Yakan cire ta, ya ajiye a gefen buta, don ruwan alwala ya game hannunsa. Gidan kuwa su biyu ne rak, shi da jikansa Nafi'u, mai shekara goma sha shida.

"A shigar da ƙara, Baba? Amma za a kama wanda ya taɓa ta."

Malam ya ce, "Bar ta haka, 'yata."

Da La'asar ya shimfiɗa darduma biyu kamar kullum. Ya yi alwala da munduwar a hannu, yana cusa ruwa ƙarƙashinta da yatsa. Ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ta da salla shi kaɗai.