Matar da ke Bayan Kujera

"Umma, zo ki ga abin da na ɗora a intanet!"

Tana leƙa wayar ɗan nata, ta gane abin nan take. Tsohon kaset ɗin bidiyo ne, wanda ta ɓoye a ƙasan akwati shekara da shekaru. Ashe ya tono shi, ya kai shago an juye masa a waya.

Hoton dishi-dishi ne, launinsa ya koɗe. Ga falo mai jan labule, ga jariri a cinyar wata mata tana yi masa wasa. Can bayan kujera kuwa ita ce a tsaye, yarinya ɗanya, riƙe da kwandon wanki.

"Mutane sai yaɗa shi suke yi," in ji shi yana dariya. "Wai wace ce wannan da ta ɗauke ni?"

"Goge shi," ta ce. "Don Allah goge shi yanzu."

Sai ga saƙo ya shigo. Ya karanta a hankali, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Umma, matar da ta ɗauke ni ɗin ce ta rubuto. Wai har yau tana neman mai rainon da ta gudu da ɗanta." Ya ɗago ya dube ta. "Ta ce in duba bayan kujera."