Abin da Malama Ba Ta Taɓa Rubutawa Ba

Kwamfutar ta fito da wata jimla, malama ta gyara tabarau ta karanta: "Yana da surutu, ta ƙara ƙoƙari a lissafi ba ya zama wuri ɗaya."

Ta yi dariya. "Shirme ne, amma wallahi bakina ne."

Zangonta na ƙarshe ke nan kafin ritaya, hannu ya fara rawa, ga katin sakamako arba'in na jiran sharhi. Shi ya sa ɗanta ya kwashe sharhin shekara talatin daga tsofaffin littattafanta ya zuba wa kwamfuta. Kwamfutar kuwa aikinta ɗaya: ta duba kalmar da ta saba bin wata, ta zaɓa kamar ƙuri'a, ta jera.

"Akwai yarinyar da ta zo ta ɗaya," malama ta ce wa ɗanta. "Sa ta yabe ta."

Ya danna, ya sake dannawa. "Ta ƙara ƙoƙari." "Kada ta saki jiki."

"Umma, ba ta ƙirƙira," ya ce a hankali. "Abin da ba ki taɓa rubutawa ba, ba ta da inda za ta samo shi."

"Shekara talatin, ko sau ɗaya?"

"Ni ma na nema. Da aji huɗu na fara, shekarar da na zo na ɗaya a ajinki."

Ta jawo littafin waccan shekarar, ta nemo shafinsa. Biro na rawa, ta daɗe kafin ta gama kalma biyu: "Madalla, ɗana."

"Ungo, zuba mata."

Ya rufe littafin, ya riƙe shi a ƙirji.

"A'a, Umma. Wannan nawa ne."