Shaidar Baba a Kafaɗar Bijimi

Jinin ya ɗauke a bakin rafi. Marlys ta durƙusa tana dudduba ganye. Awa biyu ke nan suna bin bijimin barewar da ta harba da kibiya a duwatsun Montana, ga kuma sabon sawun beyar, ƙatuwar dabbar nan mai haɗari, a laka.

"Ai na faɗa miki," in ji babanta, Wendell. "Kan kibiyar nan naki da sai ya shiga jiki yake buɗe wuƙaƙe, wasan yara ne. Ya daki ƙashi ya ƙi buɗewa. Shekara talatin ina harbi da kafaffen kai, ban taɓa barin dabba da rauni ba."

"Bara fa, Baba?"

"Bara kuskure na yi. Ko gashin bijimin kibiyar ba ta shafa ba."

Bayan wani kurmi suka tarar da bijimin matacce. Wuƙaƙen kibiyarta sun buɗe sarai.

Tana cikin fiɗa wuƙarta ta ci karo da ƙarfe a kafaɗa. Ta ƙwaƙulo tsohon kafaffen kan kibiya, ƙashi ya warke a kansa. A gindinsa ga zane uku, shaidar da Wendell ke yi wa nasa da magagari.

Ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ga kuskurenka, Baba. Shekara guda yana yawo da shi."